Littattafan Da Suka Raba Ni Da Waya

A 'yan watannin nan akwai tambayar da na ƙara a cikin waɗanda nake yi wa 'yan fim idan muna hira. Bayan an gama batun yaushe ka shigo industiri, wa ye ubangidanka, ya maganar aure, sai in ce: wane littafi ka karanta na ƙarshe? Mai karatu, da za ka ga yadda fuska take canzawa da ka yi dariya. Wani ya ce min sikirif, wai ai shi ma littafi ne. Wata jaruma ta ce ita sai dai a karanta mata a YouTube tana kwance. Da yawa kuwa Magana Jari Ce suke kamawa, kuma da ka ɗan matsa za ka gane tun suna aji biyar na firamare rabonsu da shi. Waɗanda suka ba ni amsa mai gamsarwa yawancinsu marubutan labari ne, sai kuma dattawan da ke fitowa a matsayin iyaye.

Abin da ya sa wannan ya tsaya min a rai shi ne, sana'ar nan tamu marubuta littafi suna cikin waɗanda suka raine ta. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, ya zama fim a 1994. Bala Anas Babinlata ya mayar da Tsuntsu Mai Wayo fim. Haka aka yi da Ki Yarda Da Ni na Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, haka aka yi da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a 1998. Mutanen ƙungiyar marubuta ta Raina Kama sun riƙe alƙalami kafin su san yadda ake riƙe kyamara. Ko a wannan zamani na shirye-shirye masu dogon zango, dubi Daɗin Kowa da tashar Arewa24 ta fara a 2015: cikin waɗanda suka rubuta shi akwai Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, kuma dukkansu marubuta littafi ne tun kafin nan. To ya aka yi 'ya'yan gidan suka daina leƙa ɗakin kakarsu?

Ni dai a cikin littattafai na tashi, albarkacin yayyena mata. Ni ne ɗan aike. A ba ni kuɗin haya in ruga shagon mai littafi a bakin layinmu, ya duba wani dogon littafin rajista da ya sha jiki, ya rubuta sunan gidanmu, ya miƙo min. Kwana ɗaya ne, in ya wuce a ƙara kuɗi. Yawancin bangon hoton 'yar fim ne, ko tamu ko ta Indiya, an liƙe gefensa da salatif saboda yawan hannun da ya bi. Kafin in iso gida na cinye shafi goma ina tafe ina tuntuɓe. Babban tashin hankali kuwa shi ne a gama na ɗaya da daddare, a je da safe a tarar wani gida sun riga mu ɗaukar na biyu. Ranar nan babu mai walwala a gidanmu. Ina ƙarami a 2007 lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya da aka ƙwace a makarantun 'yan mata a Kano, amma ina tuna yadda Umma ta tsaurara, yayyena suka koma ɓoye littafi a cikin buhun gero. Ni ma a buhun geron nake zuwa in zaro.

Daga baya sai waya ta zo. Na shiga kwalejin kimiyya da fasaha, karatu ya koma na takardun lakca da za a haddace a zubar a ɗakin jarrabawa. Da na karɓi difloma na kama wannan aiki, sai ya zama kullum idona a kan allo yake: wa ya yi wa wa habaici a Instagram, wa ya fito a TikTok yana ba da haƙuri, wane shiri ne ya hau YouTube yau da ƙarfe takwas. Ina karatu daga safe har dare, amma duk gutsattsari ne, layi uku nan, layi biyar can. Shekaru suka shuɗe a haka.

Bara ne aiki ya kai ni lokeshin a wani ƙauye, kwana huɗu. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya san rabin aikin jira ne. A jira rana ta yi sanyi, a jira janareto, a jira jaruma ta gama kwalliya, a jira mai babur ya wuce don kada ƙararsa ta shiga. Garin kuma babu sabis sai ka hau wani tudu bayan makarantar firamare. A rana ta biyu ina zaune gindin darbejiya ina ta jujjuya waya a banza, sai na lura da wani dattijo cikin masu fitowa a uba, ya sa tabarau yana karanta wani littafi da bangonsa ya fita. Na ce, "Baba, me ake dubawa haka?" Ya ce, "Kai da kake ɗan jarida, ka san Mailoma?" Na ce a wane fim ya fito? Ya yi dariya har da tari. Da aka kira shi gaban kyamara sai ya ajiye min a cinya, ya ce in riƙe masa.

Ƙarshen Alewa Ƙasa ne na Bature Gagare. Wallahi ban san lokacin da aka kira la'asar ba. Da daddare na ci gaba da fitilar wayar, kuma amfanin da ta yi min ke nan a garin. Littafin yana cikin waɗanda suka fito daga gasar da Sashen Al'adu na gwamnatin tarayya ya shirya, aka buga su a 1982, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina. (Kada a rikita da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa na 1990, suna ne kawai ya zo ɗaya.) Labarin wani Bamaguje ne da ya zama gagarumin ɗan ta'adda a ƙasar da yaƙin basasa ya bar makamai da mutanen da suka saba da jini. Masu cewa wai Bahaushe bai iya labarin faɗa da bindiga ba sai ya leƙa na Indiya ko na Amurka, don Allah su nemi wannan littafi. Mailoma mugu ne na gaske, amma marubucin ya shigar da kai cikin kansa har ka riƙa jin tsoron kanka, don wani lokacin sai ka ga kana so ya tsira. A finafinanmu mugu sai ya zare ido ya yi wata ƙatuwar dariya kafin mu gane mugu ne. A nan babu buƙatar haka. Kuma in ka dubi halin da dazuzzukan Zamfara da Katsina suka shiga daga baya, sai jikinka ya yi sanyi, ka ce mutumin nan me ya hango tun 1982?

Abin da na fara lura da shi a jikina shi ne, shafi ashirin na farko da ƙyar na zauna. Hannuna yana ta kai wa aljihu da kansa. Bayan nan sai wani abu ya kwanta, irin natsuwar da na sani ina yaro a bayan buhun gero. Fim yakan ba ka fuska da murya da ɗaki da kujeru, an gama maka komai. A littafi kai ne darakta, kai ne mai ɗaukar hoto, kai za ka zaɓi wanda zai hau kowane matsayi. Ni Mailoma na da fuskarsa daban, na tabbata ta Baba daban ce.

Da na dawo gida sai na shiga nema. Na biyu da zan ce kowa ya karanta, musamman 'yan'uwana maza, shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Na san da yawa sun ji sunan fim ɗin, amma littafin wani abu ne daban. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rufin asiri wanda kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya kai wa ko'ina, alhali a waje yana facaka. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Abin da ya kama ni shi ne lissafi. Hajiya Balaraba ba ta tsaya kuka da tagumi ba, ta zauna ta nuna maka yadda mace take ciyar da gida da sana'ar abinci, yadda ake haɗa kuɗin makaranta, yadda ake aurar da 'ya kamar Saudatu ba tare da uba ya taimaka ba. Ina karantawa ina ganin matan layinmu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen littafin kuwa har yau muna musu da babbar yayata a kansa: ita tana ganin an cuci Rabi sau biyu, ni ina ganin marubuciyar da gangan ta bar shi haka don ya yi mana ciwo, domin haka ake yi a gidajenmu. Ba zan faɗa ba, ku je ku gani. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, Aliyu Kamal ne ya fassara, kuma wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ne ya buga. Ka ji fa! Mu muna wankin labaransu, su kuma sun zo sun ɗauki namu. In ka gama shi ka nemi Wa Zai Auri Jahila? nata, a kan auren dole da hana 'ya mace karatu. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatun manya, don haka ba labarin ji take ba ka ba.

Sai na koma kan tsofaffin da aka tilasta mana a makaranta, waɗanda muka karanta don tsoron bulala. Nan ne na sha mamaki. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, daga ciki aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin da ba a faɗa mana a aji ba shi ne shekarun marubutan. An haifi Abubakar Imam a 1911, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1912. Wato lokacin gasar ɗaya yana da shekara 22, ɗaya 21. Sa'o'inmu ne, wasunmu ma sun girme su. Mu muna ganin hotonsu da rawani muna zaton da furfura suka yi rubutun.

Da ka san haka, Ruwan Bagaja sai ya canza maka. Rubutun saurayi ne mai jin ƙarfi da tsokana. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki don ya wanke mijin mahaifiyarsa daga kunya, amma gaskiya ba ruwan ne ke riƙe mai karatu ba, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarko, wannan ya sa a daki wancan, wancan ya rama a gari na gaba. Ina karantawa ina cewa a raina, Allah ya ji ƙan Rabilu Musa Ibro, da ya samu wannan matsayi na Zurƙe da an ga abu. Masu shirya barkwanci a yau da suke ganin sai an yi ihu an faɗi ƙasa ake dariya, ga makaranta nan kyauta.

Shaihu Umar kuma ba na dariya ba ne. Gajere ne, za ka iya gama shi tsakanin azahar da magariba, amma zai kwana da kai. Yaro ne aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara hamada da shi, mahaifiyarsa ta bazama nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta. Wurin da suka sake haɗuwa, na ajiye littafin na fita tsakar gida na ɗan tsaya. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood. Fim ɗin ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018. Mu 'yan kallo nawa ne muka san da wannan?

Magana Jari Ce fa, wanda kowa ke fakewa da shi? Littafi uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, kuma ina roƙon duk mai rubuta shiri mai dogon zango ya sake karanta na ɗaya da idon sana'a. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana so ya fita ya bi Mahmudu, Waziri ya shirya masa mugunta a waje, aku kuma ba shi da makami sai baki. Dole kowane dare ya kawo labarin da zai riƙe yaron har gari ya waye. In labarin ya yi sanyi, yaro ya fita, an kashe shi. To wannan ai shi ne aikin marubucin shiri: ka riƙe mai kallo har mako mai zuwa. Bambancin kawai, aku ba ya jan labari ɗaya har zango goma sha.

Akwai kuma wani darasi a ciki game da rigimar da aka daɗe ana yi kan kwaikwayon Indiya. Imam ma aro ya yi. Ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus, shi kansa tsarin aku mai ba da labari don ya hana wani fita asalinsa daga Indiya ne. Amma wa zai karanta Kalala da Kalalatu ya ce ba a bayan gidansu aka yi ba? Ya canza musu suna da sutura da abinci da irin zagin da suke yi, har suka zama 'yan gari. Mu kuwa sau da yawa sai mu ɗauko labarin da kayansa a jiki, har da gudu a cikin furanni.

Ɓangaren soyayya ba zan daɗe ba, don na san nan ne kuka fi ni sani. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe sai baƙon da danginta ba sa so. Ƙaramin littafi ne mai daɗin harshe, da ɗanɗanon Fulatanci a ciki. In Da So Da Ƙauna kuma na sake karanta shi, kuma zan faɗi gaskiya ko da masoyansa za su ji haushi: wasu wuraren zancen Sumayya da Muhammad ya yi tsawo, kalaman sun yi zaƙi har suna hawa kai. Amma ka tuna a 1991 ne, lokacin da 'yar mai kuɗi ta buɗe baki ta ce ga talakan da take so abu ne da ke tayar da ƙura a gari. Kusan duk fim ɗin soyayyar da ka kalla na 'yar masu kuɗi da ɗan talaka, jikan wannan littafi ne.

Biyu kuma a gurguje. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, na 2003, a kan yadda yarinya take faɗawa karuwanci da abin da ke biyo baya. Ba na yara ba ne, kuma ba ya yi wa kowa kara. Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya tun 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Duk furodusan da ke cewa Bahaushe ba zai karɓi irin wannan labari ba, ga shi an yi tun kafin a haifi babansa.

Na san wasu za su ce ai muna karatu, ga littattafai cike da wayoyinmu a WhatsApp da Wattpad. Haka ne, kuma ban raina ba. Akwai masu hazaƙa sosai a ciki, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin matan da ke rubutu a ɗakunansu ba wanda ya san da su. Matsalata da yawancin na waya ita ce babu mai tacewa. Marubuciya tana sakin shafi kullum, masu karatu suna mata ihu ta ƙara, sai labarin da ya kamata ya ƙare a babi talatin ya kai ɗari da hamsin, kowa a ciki yana da jirgin sama da gida a Dubai. Ga Hausar an cakuɗa ta da Turanci har ba ka san da wane harshe ake yi ba. Kuma kana tsakiyar karatu saƙo zai shigo, ka leƙa, shi ke nan an tafi da kai. Wanda ake karanta maka a YouTube ko a rediyo shi ma da daɗinsa, musamman ga mai aikin hannu, sai dai mai karantawar ya riga ya zaɓa maka murya da saurin tafiya.

Ni abin da ya yi min aiki mai sauƙi ne. Littafi ɗaya a jakar da nake zuwa aiki da ita, kusa da rikoda. In an ce jarumi yana hanya, na san awa biyu ke nan, sai in zaro. Bayan sallar isha'i kuma waya tana caji a falo, ni ina ɗaki. A haka na gama goma sha ɗaya cikin wata bakwai, ni da na yi shekaru ban gama ko ɗaya ba. Har a rubutuna na ga canji, don edita ya daina ja min layi a ƙarƙashin "ya bayyana cewa" sau shida a labari guda.

Samun littattafan ne ɗan aiki. Na Imam da Shaihu Umar ba sa wuya, tunda ana karanta su a makarantu, duk mai sayar da littattafan makaranta za ka iya samu a wurinsa. A Kano ka leƙa wajen 'yan littafi a kasuwar Sabon Gari, ko ka shiga ɗakin karatu na Murtala Muhammad ka tambayi ɓangaren Hausa. Irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tauraruwa Mai Wutsiya kuwa sai an tona. Ka tambayi malamin Hausa na makarantarku, ko ɗalibin sashen Hausa a jami'a, ko ka sa Umma ta buɗe tsohuwar akwatin nan da ke ƙarƙashin gado. Nawa na Wa Zai Auri Jahila? a adakar gwaggona na same shi, shafi huɗu na ƙarshe ɓera ya cinye, sai da na je har gidanta ta ƙarasa min da baki.